Kwamfuta Biyu, Umarni Ɗaya, Amsa Biyu

Kwamfutoci biyu ne a kan tebur ɗaya, a ɗakin kwamfuta na wani sashen nazarin ƙasa. Ɗaya ta sashen ce, a girke take shekara da shekaru. Ɗayar kuwa laftof ce ta wata ɗalibar digiri na biyu da ke son zana taswirar ruwan sama na ƙananan hukumomin jiharsu. Duka biyun Windows ne a kansu, duka suna da R, kuma a ranar duka daga wayar ɗalibar suke jan intanet. Aka rubuta musu umarni iri ɗaya, harafi da harafi: install.packages("rgdal"). Ta sashen ta sauko da fakitin ta girka shi lafiya lau. Laftof ɗin kuwa sai ta ce: package 'rgdal' is not available for this version of R. Wato wai babu wannan fakiti ga samfurin R da ke kanta.

"Malam, ko dai laftof ɗin ce ta samu matsala? An ce in kai a goge ta a sake zuba komai."

Na ce ta dakata tukuna. Goge kwamfuta ba ya maganin abin da ba a san kansa ba, kuma bayanan aikinta na ciki.

Ga wanda bai saba ba, R manhaja ce ta lissafin ƙididdiga, kyauta ake samunta. Ross Ihaka da Robert Gentleman suka fara ta a Jami'ar Auckland ta ƙasar New Zealand a farkon shekarun 1990, samfurinta na 1.0.0 ya fito a Fabrairun 2000. Ita kanta ba ta da girma. Ƙarfinta yana cikin fakitocin da masana ke rubutawa su ba jama'a: wannan na karanta fayil ɗin Excel, wancan na zane, wani na taswira. Babban rumbun da ake tara su shi ne CRAN, wanda Kurt Hornik da Friedrich Leisch suka kafa a 1997. Uwar rumbun tana Vienna ta ƙasar Ostiriya, tana da rassa a ƙasashe da dama da ke kwafar abin da ke cikinta, kuma fakitocin da ke ciki sun haura 20,000. Shi rgdal aikinsa ya buɗe fayilolin taswira, ya kuma juya su daga wannan tsarin auna ƙasa zuwa wancan. Fayil ɗin umarnin da ɗalibar ta gada daga wani da ya riga ta a sashen, da rgdal ya fara tun layin farko. In babu shi, aikin bai ko tashi ba.

Wanda aka fara zargi shi ne sabis, don a nan ƙasar shi ne mai laifin farko a kowace rigimar kwamfuta, kuma sau da yawa da gaskiyar masu zargin. R tana ba kowace saukarwa daƙiƙa 60 ne kawai in ba a canza mata ba. Fakiti mai nauyi a kan sabis mai rarrafe yakan yanke a tsakiya, mutum ya yi ta maimaitawa datarsa na ƙonewa. Sai dai yankewa tana da nata saƙon, rashin isa ga rumbu ma yana da nasa, inda R ke cewa ta kasa samun jerin kayan rumbun. Babu ko ɗaya a fuskar laftof ɗin. Muka gwada ta da readxl, nan take ya sauko. Sabis ya fita daga zargi.

Rubutun sunan ma mun duba, tunda R tana bambanta babban baƙi da ƙarami. Daidai yake. Kuma rgdal ba ɗan Bioconductor ba ne, wato rumbun nan na daban da masu binciken ƙwayoyin halitta ke amfani da shi, wanda neman fakitinsa a CRAN kan jawo irin wannan amsa.

Saura abin da saƙon ya faɗa da bakinsa, wato samfurin R. A nan ya kamata a tsaya a fahimci abin da ke faruwa idan an ba da umarnin girkawa, domin saƙon yana ɓatar da mutane da yawa. R ba ta bincika intanet baki ɗaya. Kamar yaron da aka aika shago ne: shagon da aka ambata masa kaɗai zai je, ya duba, in bai gani ba ya dawo ya ce babu. Tana zuwa adireshin da aka ba ta, ta sauko da wani fayil mai suna PACKAGES, wanda ke ɗauke da sunan kowane fakiti da lambarsa da abin da yake buƙata. Daga nan ta tace jerin, ta fitar da duk fakitin da ya ce sai R da ta fi wadda ke kan kwamfutar sabunta. In sunan da aka nema bai tsira a jerin ba, sai ta ba da wancan saƙon. Matsalar ita ce layin farko na saƙon ɗaya ne ko an tace fakitin ne, ko kuwa tun asali ba ya cikin jerin. Ko wanne ne, sai ta ɗora wa samfuri. Ban da haka, ga masu Windows, CRAN tana ajiye fakitocin da aka riga aka harhaɗa a folda daban ga kowane samfuri, ta 4.2 daban, ta 4.3 daban, kuma foldar samfurin da ya tsufa sosai akan daina taɓa ta. Saboda haka kwamfuta mai tsohuwar R tana iya ganin abin da mai sabuwa ba ta gani. Wannan bayani ya zauna daram, har na ɗauka mun iso. Muka rubuta R.version.string a kowace. Duka biyun 4.3 ne.

Muka koma kan rassa. Reshe yakan makara wajen kwafo sabon abu daga uwar rumbu, wani lokaci ma yakan tsaya cak ba a lura ba. Da chooseCRANmirror() muka sauya wa laftof ɗin reshe, muka kai ta Turai, muka kai ta Afirka ta Kudu, muka dawo da ita cloud.r-project.org, adireshin da ke tura mutum ga na'urar da ta fi kusa da shi. Amsar ba ta motsa ba.

Idan duk rassa sun ce babu, to a tambayi uwar rumbu. Kowane fakiti yana da shafinsa a CRAN. Muka buɗe na rgdal, sai ga sanarwa gajeriya: an cire shi daga rumbun, an mayar da shi ma'ajiyar tsofaffin kaya ranar 16 ga Oktoba 2023, bisa buƙatar mai kula da shi.

Labarin ba ɓoyayye ba ne. Roger Bivand, farfesa a makarantar tattalin arziki ta Bergen a ƙasar Norway, shi ya ɗauki nauyin rgdal da 'yan'uwansa biyu, rgeos da maptools, na tsawon shekaru. Da ya yi ritaya, shi da Edzer Pebesma na Jami'ar Münster ta Jamus suka sanar tun 2022 cewa za a ajiye fakitocin uku, jama'a su koma sf da terra, waɗanda ke yin aikin da sabon tsari. An ba da wa'adi mai tsawo, an tuntuɓi masu fakitocin da suka dogara da su, rgdal kansa ya riƙa buga gargaɗi duk lokacin da aka buɗe shi. Ranar ta zo, aka ajiye su. A ganina haka ya kamata a yi ritayar kayan aiki, a fili kuma da sanarwa.

Ashe laftof ɗin ɗalibar lafiyarta ƙalau, gaskiya take faɗa tun farko. Tambayar sai ta juye: kwamfutar sashen, daga ina take samo abin da aka cire daga CRAN?

Mai kula da ɗakin, dattijo ne mai haƙuri da ɗalibai, ya ce, "Ai Malam, wannan tun da can yana cikinta. Ba saukowa yake ba, tana nuna muku wanda take da shi ne."

Hasashe ne mai ma'ana, amma wuri biyu ne ya haɗe. Akwai rumbun da ake saukowa daga gare shi, akwai kuma foldar da ke kan kwamfuta inda fakitocin da aka girka suke zama. Umarnin library() ne ke duba ta biyun. Shi install.packages() ba ruwansa da abin da ke gida, kullum sai ya fita. Don mu tabbatar ba tare da mun taɓa abin da ke kan na'urar ba, muka ce ta girka shi a foldar wucin gadi: install.packages("rgdal", lib = tempdir()). Layin saukarwa ya cika a idonmu. Daga waje yake zuwa.

A wannan karon ne muka karanta rubutun da ke wucewa kafin layin ya cika, wanda kowa ke kawar da kai daga gare shi. Layin farko yana farawa da trying URL, sai cikakken adireshin da ake saukowa. Babu cran.r-project.org a ciki, babu sunan wani reshe. Abin da ke wurin shi ne packagemanager.posit.co, sai cran, sai kwanan wata na wata rana a tsakiyar 2023.

Muka rubuta getOption("repos") a kowace. Wannan shi ne umarnin da ke faɗin shagon da aka aiki R. Laftof ɗin ta nuna adireshin CRAN na yau da kullum. Ta sashen ta nuna wancan mai kwanan wata.

Posit, kamfanin da ke yin RStudio (manhajar da muke buɗe R a cikinta), wanda da can shi ma RStudio ake kiransa kafin ya sauya suna a 2022, yana da wani rumbu na kyauta da ke adana kwafin CRAN kamar yadda take a ranaku daban-daban. In ka ƙare adireshin da latest, za ka samu na yanzu. In ka ƙare shi da kwanan wata, za ka samu CRAN ta wannan ranar, da fakitocin da ke raye a lokacin da lambobinsu na lokacin. A tsakiyar 2023 rgdal yana nan daram. Kwamfutar sashen tana sayayya ne a ranar da ta wuce.

An san inda yake fitowa ke nan. Saura wanda ya saita, da inda ya saita. Dattijon ya ce shi bai taɓa ba, kuma ban yi shakkar maganarsa ba.

Wuraren da ake saita rumbu ba su da yawa, sai muka bi su ɗaya bayan ɗaya. A cikin RStudio akwai shafin zaɓuɓɓuka inda ake zaɓen rumbu da linzami. Can muka tarar da 'yar sanarwa cewa an sauya rumbun daga wani wuri, ba daga nan ba. Sai Rprofile.site, fayil ɗin da ke cikin foldar etc ta R, wanda ke shafar duk mai amfani da kwamfutar, kuma nan ne ma'aikatu kan saita rumbunsu. Akwai layukan misali na zaɓen reshe a ciki, amma kowane da alamar # a gabansa, wato R tsallake su take yi. Sai .Rprofile na foldar gida, wadda a Windows yawanci Documents ce. Babu shi sam.

Muna cikin haka aka ɗauke wuta. Kafin a tayar da janareto kwamfutar ta mutu. Da ta dawo, dattijon ya latsa tambarin R kanta, bai buɗe RStudio ba, ya sake rubuta umarnin don mu ci gaba daga inda muka tsaya. Sai wata taga ta fito tana neman a zaɓi reshe. R ba ta yin wannan tambaya sai in babu wanda ya saita mata rumbu, lokacin da abin da ke wurin adireshin kalmar @CRAN@ ce kawai. Ya zaɓa. Sai ga saƙon nan na laftof a fuskar kwamfutar sashen: babu rgdal.

Yanzu na'ura ɗaya ce ke ba da amsa biyu. Muka buɗe RStudio, adireshi mai kwanan wata ya dawo. Muka koma R kanta, ya ɓace. R ɗin da ke ƙarƙashinsu ɗaya ce, don haka bambancin ba daga manhajar yake ba. Muka tambayi kowace getwd(), wato a wace folda take zaune. Ta farko ta ce Documents. RStudio kuwa ta ambaci wata folda mai sunan wani aikin digiri na uku, kuma da muka ɗaga ido, sunan nan ne rubuce a kusurwar dama ta sama. RStudio tana da ɗabi'ar komawa cikin aikin da aka bari a buɗe duk lokacin da aka kunna ta. Ba wanda ya taɓa rufe wannan aikin. Duk ɗalibin da ya zauna a kan kujerar nan, cikin foldar wani yake aiki bai sani ba.

Umarnin list.files() bai nuna komai ba sai taswirori da fayilolin umarni, domin yana tsallake duk sunan da ya fara da ɗigo. Da muka ce list.files(all.files = TRUE), sai ga .Rprofile. Layi ɗaya ne a ciki: options(repos = c(CRAN = ...)), da wancan adireshin a tsakiya. Babu kalmar bayani ko ɗaya.

Ƙa'idar a rubuce take a littafin jagorar R. Idan ta tashi, tana karanta Rprofile.site, sannan ta nemi .Rprofile a foldar da aka tashe ta. In ta samu, shi za ta bi, ba za ta ko leƙa na gida ba. Sai in babu ne take komawa na gida. Wannan yana da amfani ƙwarai, domin kowane aiki zai iya ɗaukar saitinsa. Yana kuma da tarko, domin wanda ya saita abubuwansa a gida zai ga sun daina aiki da zarar ya shiga foldar da ke da nata.

Mai foldar ya gama ya tafi, amma lambarsa tana wurin dattijon. Da aka kira shi bai yi wata-wata ba. "Ni na sa, Malam. Lokacin ina tsakiyar rubutu, gargaɗin yana fitowa kullum cewa za a cire shi. Ba ni da lokacin sake rubuta komai, sai na ɗaure aikin a ranar da na san komai yana tafiya." Ita kuma ɗalibar, ta WhatsApp aka turo mata fayil ɗin umarni da taswirar. Wanda ya turo bai san akwai fayil na uku ba.

Ban ga laifinsa ba a ɗaurewar. Dabara ce ta mai hankali, kuma ita masu bincike ke ba da shawara a kai: sakamakon da aka samu da fakitocin wata rana, a iya sake samunsa da fakitocin ranar. Inda na ga gyara shi ne shirun. Layi ɗaya mai # a sama, da ke cewa an ɗaure rumbu a rana kaza saboda rgdal, da ya wadatar. Rashinsa ya sa duk wanda ya girka wani abu a kwamfutar nan ya samu na tsakiyar 2023, duk wanda ya nemi sabuntawa aka ce masa babu sabo, duk fakitin da aka haifa bayan ranar kuma aka ce babu shi. Na tabbata akwai waɗanda suka ci karo da haka suka ɗora wa sabis.

Akwai kuma abin da ɗaurewa ba ta iya yi. Adireshi mai kwanan wata yana aiki ne muddin mai rumbun yana riƙe da shi. Microsoft ta yi irin wannan hidima mai suna MRAN, mai ɗauke da kwafin CRAN na kullum tun daga na Satumbar 2014, aka gina ayyuka masu yawa a kanta, sannan ta sanar ta rufe ta a Yulin 2023. Ayyukan da suka dogara da adireshinta sai da aka sauya musu wani. Wanda ke son aikinsa ya buɗu bayan shekara goma, ya ajiye fakitocin kansu a hannunsa.

Abin da aka yi a ƙarshe kashi biyu ne. Tsohon aikin aka bar masa .Rprofile ɗinsa, aka ƙara masa layin bayani, aka rufe shi a RStudio don kwamfutar ta koma CRAN ta yau. Ɗalibar kuwa ban ba ta shawarar kwafar fayil ɗin ba, ko da yake da ta kwafa da rgdal ya sauko mata a take. Aikinta sabo ne, bai kamata ya fara a kan abin da masu shi suka ajiye ba. Ta girka sf. Inda aka rubuta readOGR() ta mayar st_read(), inda aka rubuta spTransform() ta mayar st_transform(), wurin da tsohon umarni ya nace sai tsohon tsari kuma ta juya da as(x, "Spatial"). Taswirar ta fito da ƙananan hukumomin a wurarensu. A .Rprofile na gidanta muka sa layi biyu, kowane da bayaninsa: ɗaya ya saita rumbu a cloud.r-project.org, ɗaya ya ce options(timeout = 600), don saukarwa ta samu minti goma maimakon ɗaya. Don ɗaure nata aikin a fili, ta yi amfani da renv, wanda ke rubuta sunan kowane fakiti da lambarsa da rumbun da ya fito a fayil guda mai suna renv.lock, wanda ke tafiya tare da aikin.

Sassan jami'o'inmu kuma suna da wata dama da ba a cika amfani da ita ba. R tana karɓar folda ta kan kwamfuta a matsayin rumbu, in adireshin ya fara da file:. Da fakitin miniCRAN, mutum ɗaya zai iya sauko da duk abin da aji ke buƙata, haɗe da abubuwan da suka dogara da su, ya zuba a filas. Aji guda su girka daga nan ba tare da kowa ya sayi data ba, kuma kowa da lamba iri ɗaya.

Malamai masu duba ayyukan ɗalibai, ku riƙa neman a rubuta samfurin R da adireshin rumbu a ƙarshen kundi, kuma a miƙa folda sukutum maimakon fayil ɗai-ɗai. Kai kuma ɗalibi, ranar da R ta ce maka babu, kafin ka sayi data ko ka kai a goge maka kwamfuta, rubuta getOption("repos") ka karanta adireshin, sannan ka buɗe shafin fakitin a CRAN ka ga ko yana nan.